Hular Da Na Ɗinka Da Bakina A Rufe

Da sunan Allah nake farawa, ina kuma gode masa da ya tashi kafaɗun maigidana. Na zauna rubuta wannan ne saboda 'yan uwana mata masu jinyar miji ko uba, musamman masu irin bakina. In ke mai shiru-shiru ce, karanta ki yi dariya ki wuce. In kuwa ke ce wadda ake jiyo muryarki tun daga zaure, to gyara zama, da ke nake.

Sunana Binta, amma a layinmu na Gwange Hajiya Rediyo ake ce mini, a bayan idona da gaban idona. Daga Kano aka kawo ni Maiduguri ina amarya, yau shekara talatin da 'yan kai, kuma in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba, ba na leƙa ƙofar gida. Me zan fita nema? Labarin gari da ƙafarsa yake zuwa ya same ni a gindin dogon yaron tsakar gidanmu. Maigidana, wanda ake kira Alhaji Sabo, dillali ne a Kasuwar Shanu. Ba shi da garke, ba shi da shago, jarinsa bakinsa. Larabawan Shuwa su koro shanu daga daji su sauka a wurinsa, mahauta da fatake su zo, shi ya tsaya a tsakani, ya juya Hausa, ya juya Barbarci, ya juya Larabci, har a sallama. An ce in ya fara magana a kasuwa, sa ma tsayawa yake ya saurara. Ni dai ji nake ana faɗa. A gida ban san shi da surutu ba, kuma sai da ciwon nan ya zo na gane dalili.

Kwana uku bayan ƙaramar sallah abin ya faru. Da safe ne, na kawo masa shayi ina ba shi labarin faɗan da aka yi a gidan kitso, sai na ga shayin yana bin gefen bakinsa yana zuba a riga. Na ce, "Alhaji, yau kuma wane irin sha ne wannan?" Ya ɗago ya dube ni. Bakin ya karkace, hannun dama ya saki kofin. Yana ta ƙoƙarin magana, abin da ke fitowa ba Hausa ba ne, ba kuma yaren kowa ba.

A nan muka yi kuskuren farko, kuma don Allah kada ki yi irinsa. Maimakon asibiti, sai gida ya cika da masu shawara. Wata ta ce iska ce ya gamo a hanyar mayanka. Wani ya ce aikin abokan sana'a ne, a nemo rubutu. Ƙaninsa Ɗanladi ya kawo wani mai a kwalba ya ce a shafe shi da shi a rufe ɗaki. Muna ta shafa muna tofi har rana ta take. Maƙwabciyata Ya Falmata ce, Babarbariya, tsohuwa mai ɗinkin hula, ta shigo ta dube shi sau ɗaya ta ce, "Binta, addu'a a keke ma ana yi. Ɗauko mayafi." Allah ya saka mata. Daga baya likita ya ce da mun kai yamma, da labarin ya canza.

Asibiti kuwa sai wanda ya je. Layin kati daban, layin awo daban, layin hoton kai daban, kuma kowane layi in ka kai gaba sai a ce ai wancan za ka fara bi. Hoton kan nan shi ya tafi da tunkiyata mai ciki, ban ko tsaya ganin abin da za ta haifa ba. Wata ma'aikaciya ta daka mini tsawa wai na cika tambaya. Wata kuma, Allah ya yi mata albarka, ta bar abincinta ta tura mana keken marasa lafiya har ɗakin kwanciya. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ne ya jawo. Ya tambaya ko Alhaji yana shan magani. Na ce yana sha, amma ya daina tun kafin azumi da ya ji garau. Likitan ya cire tabarau ya ce, "Hajiya, hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, ba ya kuma sallama ya ce ya tafi." Wannan maganar ta zauna mini. In mijinki yana shan maganin nan, ko da faɗa ko da lallashi kada ki bari ya ajiye.

Kwananmu tara aka sallame mu. Ƙafa ta fara takawa da sanda, hannu yana ɗan motsi, amma magana ta ƙi. Kalma ɗaya sai ya yi gumi a kanta. Yana son ya ce ruwa, sai ya tsaya a "ru... ru...", idonsa ya kawo ƙwalla.

Ni kuwa me na iya a duniya in ba hidima ba? Na ɗaura ɗamara. Kafin ya ce "ru" na miƙo ruwa. Kafin ya kalli ƙofa na ɗauko buta. Ni ke ba shi abinci a baki, ni ke saka masa riga, ni ke ɓalle maɓalli. 'Yan dubiya kuwa kullum gida cike, daga Gwange har Dusuman inda 'yarmu take aure. Kin san yadda ake yi: a shigo a ce, "Sannu Alhaji, ya jiki?" Kafin ya buɗe baki na ce, "Da sauƙi, Alhamdulillahi, jiya ya yi barci, ya ci tuwo loma bakwai, yana gaishe ku." Ya Falmata ta shigo da gaisuwarta ta Barbarci, "wushe, wushe", ni ce mai amsawa. Liman ya zo, ni ce mai amsawa daga bayan labule. Kowa yana fita yana cewa, "Kai, Alhaji ya yi dacen mata." Ni kuma ina jin daɗi har cikin raina. Mako biyu muka yi a haka. Alhaji ya yi ƙiba, ya yi haske, ya kuma daina ko gwada magana. Sai ya zauna yana kallon bango.

Ana cikin haka Ɗanladi ya zo mini da zancen da ya hana ni sukuni. Ya ce, "Yaya Binta, babbar sallah tana matsowa. Baƙin Yaya na daji za su shigo da shanun layya, kuma dillalin da ba ya magana ba dillali ba ne. Jidda ma ya fara tambaya." Jidda shi ne babban baƙon Alhaji, Bashuwe, shekara ashirin a zaurenmu yake sauka, kuma inda ya kai shanunsa can sauran suke bi. Ɗanladi ya ce gara tun da wuri a haɗa su da wani dillalin. Na san abin da hakan yake nufi. Baƙon da ya koma hannun wani ba ya dawowa. In suka tafi, Alhaji ya tashi daga dillali ya koma tsohon da ake fitarwa shan iska. Na ce ya ba mu lokaci. Ya ce, "Nan da mako biyar Jidda zai shigo gari. Daga nan ba ni da ta cewa."

A mako na huɗu da fara ciwon muka koma asibiti, sashen da ake gasa jiki da koya wa marasa lafiya motsi. Mai duba mu wata yarinya ce 'yar Biu, Malama Rifkatu, siririya, ba za ta girmi 'yata ba. Ta zauna gaban Alhaji ta ce, "Baba, ina kwana?"

Na ce, "Lafiya lau, ya gode."

Ta ce, "Baba, me ka ci da safe?"

Na ce, "Kunun gyaɗa, shi ne abin sonsa, sai ƙosai uku."

Ta ce, "Baba, mene ne sunanka?"

Na ce, "Alhaji Sa..."

Ta ajiye biro. Ta juyo da murmushinta ta ce, "Mama, wa ya kamu da ciwon nan, ke ko shi?"

Na ce shi.

"To ke kin warke, na ji bakinki garau. Saura shi."

Mutanen da ke kan benci suka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage. Na ce, "'Yar nan, tausayinsa nake ji. Ba kya ganin yadda yake wahala?" Ta ce tana gani. Da ta ji sana'arsa, sai ta yi mana bayani da shanu. Ta ce maganar da ke kansa tana nan ba ta ɓace ba, burtalin da take bi ta fito ne ya toshe. Sabon burtali kuma ba a share shi da tsintsiya, shanun ne suke fitar da shi da ƙafarsu, yau su bi, gobe su bi. "Duk sanda kika amsa masa, kin mayar da shanun turke. Wahalar nan da kike gani ita ce maganin. In ya fara magana, ki ƙirga goma a zuci kafin ki ce uffan."

Na ce, "Ni fa haka Allah ya yi ni. Tun ina goye ake cewa na cika surutu. A shekaruna ina zan canza?"

Ta ce, "Shi da ya haura sittin muke so ya koyi magana daga farko. Ke shiru kawai za ki koya."

A keke muna dawowa ina ta sababi, wai yarinya ƙarama ta ci mini fuska. Na juya in nemi goyon bayan Alhaji. Wallahi dariya yake yi, da rabin bakin nan nasa, har kafaɗa tana rawa. Rabon da in ga haƙoransa tun ranar sallah. A nan na gane yarinyar gaskiya ta faɗa.

Na gwada ƙirgen. Ɗaya, biyu, uku, kafin huɗu bakina ya riga ni. Na gwada tauna goro, na gane da goro a baki ma ina iya magana sarai. Na kai wa Ya Falmata kuka. Tana zaune da hularta a gwiwa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Kai Binta, bakinka ba ya tsayawa don hannunka ba shi da aiki." Haka take Hausarta, kowa "kai" ne. Ta jawo wani farin ƙyalle da aka riga aka yi wa zane, ta ɗora mini a cinya da allura da zare shuɗi. Shekara talatin tana cewa in zo ta koya mini, ina cewa ni ba ni da haƙurin wannan aikin tsiya. Ta ce, "In Alhaji ya buɗe baki, kai ka soka allura. Ɗinki goma. In ka yi magana kafin goma, ka warware duka."

Ranar farko na warware ya fi sau ashirin. Na soke yatsa har ya kumbura. Alhaji ya ce "ru...", na soka allura, ɗaya, biyu, zuciyata tana tafasa, ga randa a gabana, ga mutum yana jin ƙishi. A na takwas ya ce, "Ruwa." Cak, kalma cikakkiya. Na tashi da gudu har ina tuntuɓe da kujera.

Na hana kaina saka masa riga. Ya yi ta kokawa da maɓalli ɗaya har shayi ya huce, ni ina gefe ina ɗinki ina share hawaye da gefen zane. Masu dubiya kuma suka fara ƙananan maganganu. Wata ƙanwar babarsa ta ce a gabana, "Ikon Allah, mutum yana fama, mata tana ɗinkin hula." Da can da na wanke ta tas. Na soka allura na yi goma, na ƙara goma don kaina. Kafin in gama, sai muka ji Alhaji ya ce, "Inna... bar ta." Tsohuwa ta saki baki.

Sai dai ba kullum ake samun nasara ba. Akwai ranar da ya nemi sunan 'yarsa ya rasa, ya yi jifa da sanda, ya juya wa kowa baya har la'asar. Ranar na ce wa Ya Falmata na fasa, mugunta ce kawai. Ta ce, "To kawo hulata." Na ƙi bayarwa. Na riga na yi layi huɗu, kuma ko da yake sun karkace kamar hanyar maye, nawa ne.

Abin da ban zata ba, shirun ya fara yi mini daɗi. Na fara jin abubuwan da shekara da shekaru suna gidan ban ji ba. Ashe Alhaji yana ɗan waƙe-waƙen Larabci a ƙasan maƙoshi in yana alwala. Ashe Ya Falmata tana da ɗa da ya ɓace tun lokacin tashin hankali, ba ta taɓa gaya mini ba, don ban taɓa yin shirun da za ta samu wurin sakawa ba. Ranar da ta faɗa mini, hulunanmu biyu a cinya, ban ce komai ba sai hannunta da na riƙe. Ta ce ta fi jin daɗin wannan a kan duk gaisuwar da aka taɓa yi mata.

A mako na shida aka yi abin da har yau in na tuna sai na yi dariya. Na kawo masa kunun gyaɗa kamar kullum. Ya dubi kofin, ya dube ni, ya fara haɗa baki. Na ɗauki allura.

"Ba na..."

Ɗaya, biyu, uku.

"...son..."

Huɗu, biyar, shida.

"...kunun gyaɗa."

Na ajiye hula. Na ce, "Alhaji! Tun yaushe?"

Ya tattaro ƙarfinsa, ya ce, "Tun... kina amarya."

Jama'a, shekara talatin ina dama wa bawan Allah kunun gyaɗa, ina shelar cewa shi ne abin sonsa, har 'yan uwa in za su zo gyaɗa suke kawo masa tsaraba. Na ce, "To me ya hana ka faɗa?" Ya ɗaga hannun nan mai ciwo da kyar, ya nuna bakina. Muka yi ta dariya har Ya Falmata ta leƙo ta katanga tana tambaya ko lafiya. Da na koma madafa kuwa sai da na ɗan yi kuka. Ina ganin kaina gwanar kula da miji, ashe rabin kulawar da nake yi da kaina nake yi.

Jidda ya shigo gari saura kwana goma sha biyu sallah. Da hantsi suka zo shi da Ɗanladi, aka yi musu shimfiɗa a gindin dogon yaro. Na kawo burabusko da miyar yakuwa, na koma bakin ƙofar ɗaki na zauna da hulata, wadda saura kaɗan ta ƙare. Jidda dogo ne, baƙi, mai rawani, ba ya sakin fuska da wuri. Ya gaishe da Alhaji, Alhaji ya amsa da kansa, a hankali. Sai Jidda ya zaro waya ya ce, "Alhaji, ga wani bajimi na kawo. Duba mini shi." Ya kunna hoton san yana tafiya a cikin turke. Kowa a wurin ya san ba bajimin ake dubawa ba, Alhaji ake dubawa.

Alhaji ya ƙura wa wayar ido. Bakinsa ya fara motsi, ba abin da ya fito. Na soka allura. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Bakwai, takwas. Na kai goma, shiru. Na sake farawa. Jidda ya fara kallon ƙasa. Sai na ji Ɗanladi ya gyara murya ya ce, "Wato abin da Yaya yake so ya ce..."

Na ce, "Ɗanladi." Ya juyo. Na ce, "Ci burabuskonka."

Iyakar abin da na faɗa ke nan a zaman, ni Hajiya Rediyo. Na koma kan allura. A ɗinki na goma sha bakwai Alhaji ya ɗora yatsa a kan wayar.

"Ƙafar baya... ta hagu. Yana... ɗingishi."

Jidda ya matso kusa da wayar.

"Cikin nan kuma... ba kitse ba ne. Gishiri... ka ba shi. Ya sha... ruwa." Ya ɗago ya kalli Jidda, ya ƙara da wata kalma ta Larabci da ban sani ba. Daga baya Ɗanladi ya ce mini ma'anarta tsohon ɓarawo.

Jidda ya tuntsire da dariya har rawaninsa ya kwance. Ya kama hannun Alhaji da hannu biyu yana girgizawa yana cewa, "Wallahi shi ne! Dillalai uku na nuna wa, ba wanda ya gani!" Ya juya ga Ɗanladi ya ce gobe a kai shanu turken Alhaji. Ya ce, "Da can yana magana da sauri, mai saye yana samun wurin musu. Yanzu kafin ya gama jimla ɗaya mutum ya gaji ya biya."

Kwana uku bayan nan na gama hular. Gaskiya saman Ya Falmata ce ta ɗinka, kuma mai wankin hula da aka kai wa ya tambaya ko jikata ce take koyo. Zanen ya karkace, wani wurin zaren ya yi tsauri, akwai ɗigon jinin yatsana da bai fita ba. Da zai koma kasuwa, na ce Alhaji ya bar ta a gida, yana da huluna masu kyau cike da akwati. Ya ɗauka ya kafa a kansa da hannun damansa, ya gyara ta a madubi, ya ɗauki sanda, Ɗanladi ya tare musu keke.

Har yau maganarsa ba ta koma kamar da ba, kuma ƙafar tana ja in ya gaji. Maganinsa safe da yamma, ina tsaye sai ya haɗiye. Muna komawa wurin Malama Rifkatu duk bayan mako biyu, na kai mata turaren wuta na ce ta yafe mini zagin da na yi mata a keke. Ta ce ba ta ji ba. Na ce ai shi ya sa nake gaya mata. Kunun gyaɗa kuwa ni kaɗai nake shan abina.

Ranar da ya fara komawa kasuwa, da la'asar ya dawo, ƙura har gira, yana warin shanu. Na kawo ruwa na zauna, na ɗauko sabon ƙyallen da na fara. Ya ba ni labarin kasuwa tun daga ƙofa har turke, wa ya rungume shi, wa ya yi kuka, wane mahauci ya yi wa hular dariya da abin da ya mayar masa. Yana yi yana tsayawa, ni ina ɗinki, ban katse shi ko sau ɗaya ba. Da ya gama muka yi shiru, sai kukan kurciya a kan dogon yaro. Can ya dube ni ya ce, "Hajiya."

Na soka allura ina jira.

"Ki yi... magana mana. Gidan... ya yi shiru."

Na tsire allurar a jikin ƙyalle, na ajiye a gefe, na gyara zama. Labarin wata biyu nake bin sa, na fara masa daga faɗan gidan kitso, daidai inda muka tsaya.